Hannun da Na Sa a Takardar Nusaiba

Zuwa ga Maman Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya haskaka makwancinki. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, yau kuma da laifina na zo miki.

Amana ɗaya kika bar mini, karatun Nusaiba. To, na yi wasa da ita.

Jami'o'in Amurka suna da wani tsari: yaro ya nemi wuri ɗaya tak tun da wuri, ya sa hannu cewa in an ɗauke shi zai janye sauran takardunsa. Tallafin kuɗin makaranta kuwa gwargwadon ƙarfin gidansu ne, kuma sai an ɗauke shi zai ga nawa ne. 'Yarki ta so ta jira ta nemi wurare biyar, ta ga wanda ya fi sauƙi. Halinki ta ɗauko sak. Ko albasa za mu saya a kasuwar unguwarmu ta Wangsa Maju sai kin ce, “Malam, bari mu ji bakin shago uku tukuna.”

Ni na hana ta, na sa ta nemi wuri ɗaya tak. So nake in riga kowa sanar da cewa ɗiyata ta samu jami'a a Amurka, a cikin 'yan Najeriyar garin nan. Wallahi iyakar dalilina ke nan.

Lokacin korona ta rufe gari, wata biyu da jami'ar da nake koyarwa ta ƙi sabunta kwantiragina. Ban gaya wa kowa ba, har ita. Da muka zo cike fom ɗin tallafin, albashin bara na rubuta. Wajen da aka tambayi mutanen da nake ciyarwa na tsallake Inna da marayun Yaya Sani a Kano. Ina ni ina yi wa uwata gorin abinci a takardar Bature?

Suka ɗauke ta. A ranar na sa ta janye sauran, tun takardar tallafin ba ta iso ba, na yi odar tapau, wato ƙunshin dafaffen abinci, daga unguwar Kampung Baru na raba wa maƙwabta. Da takardar ta zo, abin da suka ba mu bai kai rabin kuɗin makarantar ba. Ba su cuce mu ba, mai albashi na nuna musu. Sauran makarantun kuma sun rufe karɓa.

Jiya na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, Maman Nusaiba, shayi ta haɗo mini. Da ma zagina ta yi! Ta ce tun tuni ta sani, domin ta daina jin muryata ina koyarwa ta kwamfuta.

Ta ce ana iya roƙonsu su sake dubawa, in uba ya rubuta halin da yake ciki. Mako ɗaya ya rage su rufe wannan damar. Gobe zan rubuta musu cewa ba ni da aiki, in jera sunan Inna da yaran ɗaya bayan ɗaya. Na fara da ke ne don ke na fi jin kunya.

Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah kada ya kama yarinyar nan da girman kan ubanta.

Mijinki,
Baban Nusaiba