Tayar Yaya Bello

Daren Laraba

Yau ma ƙayar aduwa ta fasa min tayar baya a gangaren duwatsun bayan Dundaye. Turo keken na yi har Arkilla.

Mai faci ya ce, "Malam, sayi mai manyan haƙora, wagga ba ta jure dutse." Na saya. Shi Yaya Bello, da muke hawan keke tare, tsohuwar taya yake yankawa ya shimfiɗa cikin sabuwa, ƙaya ba ta kaiwa ga tiyub. Na gwada, kaifin yankan ya tsaga min tiyub ɗin.

Tunda aiki ya kai shi Legas, ba mai jira na a ƙasan gangare. Na kira shi in tambayi yadda yake kashe kaifin. Ina jin muryarsa, sai na kasa zancen taya.