Takalman matan Sin da na ƙona

Daren Talata, Rajab, unguwar Azizya, ƙasar Larabawa

Yau na ƙona takalma shida da hannuna. A ƙarƙashin gadon Safiya na tsince su, jajaye, ba su kai tafin hannu ba, an nannaɗe su da farin ƙyalle kamar likkafani. Ni mai ilimin aji huɗu na yanke hukunci: sihiri aka yi wa 'yata. Har Falaƙi da Nasi na tofa wa tokar.

Ashe kayan wasan kwaikwayo ne. Ita ta rubuta, ita ke koya wa ƙawayenta a jami'a, a kan matan Sin na zamanin da waɗanda ake ɗaure wa ƙafa don kada ta girma. Wata biyu tana ɗinkinsu, kuma jibi za a nuna.

Na ce, "To me ya haɗa Bahaushiya da ƙafar Sinawa?" Ta ce, "Halas, Baba, magana ta ƙare," ta rufe ƙofa.

Hankalina dai bai kwanta ba. Uwarta ta ce akwai uba a wasan, mai barkwanci, mai hana 'yarsa fita. Wai ɗan Sin ne. Maza ba sa shiga, balle in gani da idona.

Ga allura a gabana, ko maɓalli ban taɓa ɗinkawa ba. Tana bina takalma shida, da ban haƙurin da ya fi su wuya.