Muryar da Ba Mu Aika Ba

Ya ke sanyin asubahina, inuwar tsamiyar da nake fakewa, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Ni ne injiniyan nan mai digiri a fannin lantarki da sadarwa, zakaran ajinsa, wanda a yau injinan watsa shirye-shiryen gidan rediyo guda suke ƙarƙashin kulawarsa. Manufar wannan takarda ita ce in rusa ƙaryar da ta sa kika daina ɗaga wayata, in kuma nemi hukuncinki a rubuce.

Kin tuna ranar da kika biyo ta ɗakin gwajinmu daga makarantar jinya, kika same ni ina gwada amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi? Na zuba mata sauti biyu tsarkaka, suka miƙe a allo kamar giginya biyu a fili. Da na ƙara musu ƙarfi, sai ga wasu gajeru sun tsiro a gefensu, alhali ban saka su ba. Kika sunkuyo har mayafinki ya share wayoyin teburina, kika tambaye ni su wane ne waɗannan 'yan sa-idon. Na ce miki na'urar ce ke haifar su idan an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai ta cakuɗa muryoyin biyu ta fitar da wadda babu wanda ya aiko ta. Kika yi dariya, kika ce ashe ƙarfe ma yana gulma. Wallahi dariyar nan har yau tana rataye a ɗakin kamar ƙanshin ƙasa bayan ruwa!

To, abin da ya same mu ke nan, farin watana. Ni na gaya wa Yayanki an ba ni riƙon tasharmu ta kan dutse. Ke kika gaya wa Gwaggo saura kaɗan ki kammala karatu. Gaskiya biyu, babu gauraye! Yaya ya kai mata tawa, suka haɗu a kunnen Gwaggo, suka fito da cewa wai zan cire ki daga makaranta in kai ki daji ki riƙa min girki a gindin turken ƙarfen tashar. Yaushe na faɗa? A gaban wa? Mugun halin irin wannan murya shi ne ta zauna dab da ta gaskiya, har babu rariyar da za ta tace ta. Kuma in ainihin sautin ya hau taki ɗaya, ita uku take hawa. Na ga haka a shagon Yaya: na ɗan ɗaga murya ina kare kaina, ya ce boko ya cika min kai, bakina kuma ba birki, kafin in isa gida labari ya zama na zagi dangi kaf. Ban zagi kowa ba, kuma ban janye ko harafi ɗaya ba.

Saurari abin da ilimi ya tabbatar. Idan muka zana layin sautin gaskiya da layin gulmar a takarda, muka ja su gaba da rula, akwai inda za su haɗu su yi tsayi ɗaya. Mahaɗa muke kiran wurin. Yaya yana zaton mun iso can, cewa ƙarya ta kamo gaskiya. Ya yi kuskure! Babu na'urar da ta taɓa isa mahaɗarta, tun kafin nan take ƙoshi ta ƙi ƙara komai. A takarda kaɗai wurin yake, da shi muke auna nagarta: iya nisansa, iya ingancin na'ura. Zuciyarki fa, kurciyata? Tata mahaɗar tana kusa ne har maganar tsakar gida ta rinjaye ta? Ban yarda ba. Na san hannun da ke ɗaure ciwo ba ya rawa.

Littafi ya ce maganin wannan cuta a rage ƙarfi. A na'ura na amince. A kanki, har abada! Ga alkawarina: za ki gama karatunki, ki sa farar rigarki, ki yi aikinki. Motar ma'aikata tana saukowa gari kowace safiya, in ta lalace ni zan sauko da ke a babur, ko sama tana zubar da ƙanƙara.

Shugaban sashenmu yana jiran in faɗa masa ranar Litinin ko ɗakin gwauro za a ba ni a kan dutsen, ko gidan mai iyali. Ba zan amsa masa da zato ba. Saboda haka ina buƙatar amsarki kafin azahar ɗin Alhamis mai zuwa, da rubutun hannunki, ki miƙa wa maigadin ƙofar gidan rediyonmu da kanki. In ma a'a ce, daga alƙalaminki nake son ganinta.

Naki, wanda ba zai sauya tasha ba muddin yana numfashi,
Injiniyanki.