Rubutun da ke jikin Sani

Bawku, daren Laraba, watan Rajab

Na taɓa ji a jirgin ruwan Makango, daga bakin wani ɗan goro, wai kowane ɗan Adam da rubutu a jikinsa. Na ce masa, "Malam, rage taba."

Yau likita ya maimaita mini, jikana Sani na kwance yana kuka da ciwon ƙashi. Ya ce jiki ƙananan ɗakuna ne, kowane da littafinsa, DNA, wanda ba ya fita waje. Sai wani magatakarda, RNA, ya kwafi layi ya kai inda ake ƙera furotin, wato kayan ginin jiki, har da na jini. A littafin Sani harafi ɗaya ya kauce, magatakarda kuwa ba ya gyara. Sikila ke nan.

Gida ya ɗau zafi. Matata Hajiya ta ce surukarmu Rabi ce ta kawo mana ciwon daga garinsu Yendi, ɗana Awudu kuma yana jiran in ɗaga kai gobe ya sallami matarsa. Ni ma, Allah na gani, na fara karkata.

To amma ciwon ba ya kama yaro sai an haɗa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Uban kuwa ɗana ne. Yaya zan faɗa wa Hajiya?

Wannan ba a asibiti na ji shi ba. Rabi ce ta faɗa, a durƙushe, da ta kawo mini buta. "Baba, tun bara likita ya gaya mini. Kunyar gidanka na ji, shi ya sa ban faɗa ba."