Injin Motar Baba Ya Tsage

Yaya Lorraine,

Ina gaishe ki da yara. Ya jikin Baba? Ni lafiya nake a Kuwait, abincin ne dai ba ya shiga sosai.

Maƙwabcinmu Dale ya rubuto cewa injin tsohuwar motar nan Mustang da muke gyarawa ni da Baba ya tsage. Ruwa zalla Baba ya zuba mata don gwaji kafin a kwantar da shi a asibiti, sanyin Ohio ya daskarar da ruwan.

Jiya a waya Baba ya ce min, "Kai rago, yaushe za ka dawo mu tayar da ita? Ina so in ji kukanta kafin in tafi." Na ce Afrilu.

Don Allah kada ki gaya masa injin ya tsage. An ce akwai irin injin wajen 'yan gwangwan a Toledo. Ba a tabbatar yana tashi ba tukuna.

Ƙaninki,
Curtis