Zuwa Ga Lawali, Game Da Bangon Butik

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake, Lawali. Lambarka ta Libiya ta daina shiga, shi ya sa na rubuto wannan wasiƙa, ko wani zai kai maka.

Ka tuna lokacin da na kira ka ka zana mini gwangwanin madara da buhun shinkafa a bangon butik ɗina? Na je cin kasuwar Mayahi na dawo, sai na tarar ka zana tabkin bayan tasha. Tabkin da muke zuba shara! Har ledojin da ke rataye a ƙaya ba ka bari ba, ga balbelu, ga tsohon gawon nan tsirara. Na ce ka sa masa ganye kada ya kore mini masu saye. Ka ce, "Hoton damina ne, Maman, gawo ba ya ganye da damina." Na biya ka ina zagi.

To, an cike tabkin, an sare gawon, an jera shaguna. Ni ma na kama ɗaya, kada in yi maka ƙarya.

Yanzu tsofaffin mata kan tsaya gaban bangon, ba su sayen ko ashana, suna nuna wa jikoki inda suke wanki a da. Wani Bafulatani daga Hawandawaki ya daɗe yana kallo, ya ce nan yake shayar da shanunsa. Bara kuma ruwa ya dawo neman gurbinsa, bai samu ba, ya kwanta gindin bangon. Da safe na ga balbelu biyu na gaske tsaye ƙarƙashin naka. Har yau ban san me ya sa na kasa buɗe butik ranar ba.

Ruwan ya ci ƙasan bangon, ya tsage. Mutanen kamfanin telefon sun ce za su yaɓe shi da siminti kyauta, su shafa kalarsu. In na yarda, tabkin ya tafi karo na biyu. In na ƙi, damina mai zuwa za ta iya kayar da shi kan kayana. Ni da nake sayar wa mutum lema da rani, wannan cinikin ya gagare ni.

Jiya sun dawo. Na ce musu bangon ba nawa ba ne, mai shi ya yi tafiya.

Allah ya tsare ka, ɗan'uwana, ya maido ka gida kafin hadari ya haɗu.

Naka, Maman mai butik, bakin tashar Tasawa.