Ƙullin Surukata Ya Hana Ni Rufe Akwati

Assalamu alaikum Malama Ikilima. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci.

'Yata Juwairiyya ce ta haihu a Ingila, can mijinta Jamaluddeen yake karatu. Haihuwar fari ce kuma ba ta da kowa, shi ne suka yi mini takardu in je in kula da jegonta. Ban taɓa shiga jirgi ba, ko Makka Allah bai kira ni ba tukuna. Sun ce akwati biyu kawai, kowanne kada ya wuce kilo ashirin da uku, sai 'yar jakar hannu. Ni kuwa na tanadi garin kunu da kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, man shanu da kilishi. Na kai akwatunan wurin mai sikelin hatsi a kasuwa, ya ce sun wuce. Na rage zannuwana na sake kaiwa, har yanzu sun wuce. Na gaji da kwancewa da ɗaurewa, bayana har ciwo yake.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mahaifiyar Jamaluddeen, Hajiya Talatu, ta taso takanas daga Darki ta kawo mini wani ƙulli ɗinke cikin tsumma. Ta ce maganin jarirai ne na gidansu, duk jikokinta an yi musu, kuma ba a buɗe shi sai a gaban mai jego, in an buɗe a hanya ya karye. Na karɓa hannu bibbiyu, to me zan ce wa suruka? Da na faɗa wa Juwairiyya a waya sai ta ce kada in kuskura in ɗauko abin da ban ga cikinsa ba. Har kuka ta yi mini.

Ba zargin Hajiya nake ba, mutuniyar kirki ce. Amma ita ma wani ne ya haɗa mata. In na bar shi za ta ce na raina gidansu, kuma 'yata ce za ta zauna da su. In na ɗauka aka tare ni, ba Turanci nake ji ba. Na yi tunanin in tura shi ƙarƙashin gado in ce na kai, sai na tuna za ta tambayi ɗanta. Tafiyar mako mai zuwa ce. Yaya zan yi?

Uwar Mai Jego, Sabon Gari, Wudil

Wa alaikumus salam, Inna. Barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu. Rubutunki kuma ya fito sarai.

Juwairiyya ta yi gaskiya. Duk abin da ke cikin akwatinki naki ne a wurin ma'aikatan filin jirgi, ba sa jin "saƙo aka ba ni". In suka ga ƙulli a na'ura, farke shi za su yi ko kina so ko ba kya so. Kin ga ke nan babu tabbacin zai isa a rufe kamar yadda Hajiya take so. Wannan ita ce hujjarki, kuma babu raini a cikinta.

Hajiya ma a duba mata. Jikanta ne, ba ta gan shi ba, wannan ƙullin shi ne hannunta da zai iya kaiwa can. Don haka kada ki ɓoye shi, kada ki mayar ta hannun ɗan aike. Bakinki kuma ba zai iya maganar ba saboda kunya, to ki bar wa ɗanta. Jamaluddeen ya kira ta ya yi mata bayanin doka, sannan ki je Darki da ƙullin. In ta yarda a buɗe a gabanta, ku faɗa masa abin da ke ciki ya bincika ko ana shiga da shi, kuma kada a ba jariri sai likita ya gani. In ba ta yarda ba, ta adana shi har su zo gida.

Batun nauyi kuwa, fitar da kilishi da man shanu, ba a shiga ƙasar da nama ko kayan madara daga nan. Busassun kaya ki zuba a farar leda, a rubuta sunan kowanne, in an tambaye ki ki nuna. Ki mayar da zannuwanki, can akwai sanyi.

Abin da Juwairiyya ta fi buƙata shi ne ta ga kin fito daga filin jirgi lafiya, ba wanda ya tsare ki. Allah ya kai ki lafiya, ya ba mai jego lafiyar shayarwa, ya bar zumunci tsakaninki da Hajiya.

Malama Ikilima